Damben Mutanen Ƙarfe a Ɗakin Amarya

Watanni biyu na farkon aurenmu, da za a tara duk maganar da ta shiga tsakanina da maigidana, ba za ta cika shafi ɗaya ba. Sannu da zuwa, yauwa. Ga ruwa, na gode. Sai ka dawo, Allah ya sa. Da safe ya rataya jakar kayan aikinsa ya nufi shagonsa na gyaran rediyo da talabijin a unguwar Bè, ni kuma in shiga taksin da ke zuwa tashar jiragen ruwa, inda nake bugun tafireta a wani ƙaramin ofishin masu fitar da kaya. Da yamma mu dawo Zongo a gajiye, ya ci abinci, in kwashe kwanuka, shi ke nan.

Ni da bakina na ce ina son sa. Ya zo gidanmu gyaran rediyon babana, na kai masa ruwa, na tsaya ina kallon yadda yake taɓa wayoyi a hankali kamar mai cire ƙaya daga ƙafar jinjiri. Da babana ya tambaye ni daga baya, ban ɓata lokaci ba. Sai dai so daban, sabo daban. A Lome aka haife ni, kakana ne ya zo daga wajajen Sakkwato da fataucin goro, na yi makarantar boko, kuma a gidanmu an san ni da surutu. Hausata ma rabi Faransanci ce. Shi kuwa daga Nijar ya zo yana saurayi, karatun allo ya yi, gyaran rediyo a hannu ya koya. Yakan yi shiru har in fara tunanin ko na yi masa laifi. Idan na buɗe baki zan ba shi labarin ofis, sai in ga ya sunkuyar da kai yana murmushi, sai maganar ta maƙale mini.

Wata ranar Asabar bayan azahar ya shigo da kwali a hammata. Ya ajiye a tabarma, ya fito da wani akwati mai launin toka, bai kai faifai biyu faɗi ba, da wasu sanduna guda biyu gajeru, kowace a dase kan ɗan murabba'i mai jajayen maɓallai biyu. Ya ce na wani ma'aikacin jirgin ruwa ne da ke zaune a unguwar Totsi. Daga ƙasar waje ya sayo wa 'ya'yansa, ya jona da wutarmu wadda ta fi tasu ƙarfi, abin ya yi hayaƙi. Jirginsu kuma ya tashi kafin a gama gyara, ya ce a riƙe masa sai ya dawo.

A lokacin tashar talabijin ɗaya ce a ƙasar, ba ta kuma buɗewa sai yamma, ta fara da waƙoƙin yabon shugaba kafin labarai. Da rana talabijin ɗinmu a lulluɓe yake da ƙyallen da na saƙa. Maigidana ya yaye ƙyallen, ya yi ta haɗa wayoyi a baya, ya cusa wani abu kamar kaset a cikin akwatin. Sai wani kiɗa siriri ya tashi, kamar kukan gyare da aka koya wa waƙa.

"Amarya," ya ce, ba tare da ya dube ni ba. "Ko za ki ɗan riƙe mini wannan? Abin sai da mutum biyu. Ina so in ga ko maɓallin yana aiki."

Na goge hannuna a zani na zauna nesa da shi kaɗan, iyakar tsawon wayar.

A fuskar talabijin wani birni ne ya fito, wanda ban taɓa ganin irinsa ba ko a littafin makaranta. Benaye dogaye masu tsini, fitilu kore da shuɗi, motoci marasa taya suna wucewa a sama kamar ƙudaje. Wata biyu ne a sararin, babba da ƙarami. A gaba, kan wani dandali na ƙarfe, mutane biyu suna tsaye suna fuskantar juna, su ma na ƙarfe, ɗaya ja, ɗaya shuɗi, suna ɗan rausaya kamar 'yan dambe kafin a buga ganga. A saman kowanne akwai wani layi rawaya.

"Danna mu gani," in ji shi.

Na danna. Jan ya miƙa hannu, hannun ya fita daga kafaɗarsa kamar harsashi, ya daki shuɗin a ƙirji ya koma mazauninsa. Layin shuɗin ya ragu. Na firgita na sake dannawa, na sake, na sake. Kafin maigidana ya gane inda zai karkata sandarsa, mutuminsa ya faɗi warwas, kai ya gangara gefe guda, tartsatsi na tashi daga wuya.

Na rufe baki da hannu. "Wayyo, Malam, na kashe ka!"

Ya yi dariyar da ban san yana da ita ba. Har da kwanciya a tabarma, har da hawaye. Maƙwabciyarmu mai sayar da koko ta leƙo ta taga ta ce lafiya dai, na ce lafiya lau. Da ya tashi zaune ya share ido ya ce, "Maɓallin yana aiki. Amma bari mu sake gwadawa, don a tabbatar."

Muka yi ta tabbatarwa har aka kira la'asar.

Tun daga ranar Asabar da Lahadi suka zama namu. In gama wanki da wuri, in ɗora miya, mu saki labule. Ni ce ja kullum, shi shuɗi, ba wanda ya taɓa cewa a yi musanya. Muka gano abubuwa da kanmu, don babu takardar bayani a kwalin. Idan ka tura sanda sama ka danna, mutuminka zai yi tsalle ya kai shuri. Idan ka ja baya, zai kare fuska da hannuwa. Idan ka yi ƙasa sau biyu da sauri ka danna maɓallai biyun tare, wata wuta za ta fito daga ƙirjinsa ta ratsa dandalin. Ni na fara gano wannan, na ɓoye masa har mako biyu.

Kowa da halinsa yake wasa. Ni da an fara sai in afka, duka ta ko'ina, ba lissafi. Shi kuwa ya ja baya, ya kare, ya jira. A nan bakina ya buɗe. "Matso mana, tsoro kake ji?" "Kai, Malam, haka ake yi a garinku?" Shi ma ya fara ramawa, a hankali, da irin maganarsa mai sanyi da sai an jima take ciwo. Ya ce yadda nake dukan maɓallin nan, ya tausaya wa tafiretar ofis.

Kafin a fara kowane wasa akan rubuto wasu layuka da Turanci, da lambar wata shekara mai nisa. Da ɗan abin da na tsinta a makaranta da wajen 'yan Gana na ofis, na fassara masa: wai a wannan shekara mutane sun daina yaƙi da jikinsu, sai su tura mutanen ƙarfe su yi musu. Muka zauna muna lissafin shekarunmu idan Allah ya kai mu. Ya ce zai zama tsoho mai sanda, ya buɗe shagon gyaran mutanen ƙarfe a bakin babban titi, kusa da inda manyan motocin arewa ke kwana. Na ce ni kuwa mota mai tashi zan saya, in riƙa zuwa kasuwa a minti biyu, in huta da cunkoson taksi. Shekarar ta zo ta wuce tuni. Ban ma lura da ita ba sai da ta kusa ƙarewa, ina cike wata takarda a asibiti, na ga lambar a ƙarƙashin alƙalamina, na ajiye alƙalamin na jima ban ɗauka ba.

Cikin wata na biyu da zuwan akwatin na fara lura da wani abu. Ina cin sa da yawa. In muka yi goma sai in ci takwas. Da farko na ji daɗi, har na yi wa ƙawata ta ofis alfahari. Ranar wata Lahadi ana ruwan sama, kwanon rufi na ta ƙara, layina ya kusa ƙarewa, saura ƙiris, mutumina yana tsaye ba kariya. Maimakon in dubi talabijin sai na saci kallon hannunsa. Babban yatsansa yana kan maɓallin. Na ga ya ɗaga shi, ya bar ni na kai masa duka har ya faɗi.

Na ajiye sandata.

"Tun yaushe?" na ce.

"Tun yaushe me?"

"Tun yaushe kake bari ina cin ka?"

Ya sunkuyar da kai. Raina ya ɓaci fiye da yadda abin ya kamata. Na ce ni ba yarinya ba ce da za a lallaɓa da alewa. Na ce wata huɗu ina zaune da mutum ban san abin da ke ransa ba, wuri ɗaya da na zaci muna haɗuwa da gaske, ashe nan ma tausayina ake ji. Na ce idan ya yi nadamar aurena ya faɗa mini kawai. Rabin maganar da Faransanci ta fito, ina kuka.

Ya rage ƙarar talabijin ya juyo gaba ɗaya ya fuskance ni.

"Nadama?" ya ce. "Ni na zaci ke kika yi."

Ya ce tun ranar da aka kawo ni yake jin tsoron buɗe baki. Ya ga littattafaina a akwati, ya ji ina magana da ƙannena da yaren da shi sai ya tsinci kalma ɗaya cikin biyar. Yana ganin samarin ofis masu ɗamara da takalma masu sheƙi, ya dubi hannunsa da ƙunar dalma. Ya ce idan na fara ba shi labari yakan sunkuyar da kai ne don kada in gane wani wurin bai fahimta ba. Da ya ga ina dariya in na ci wasa, sai ya ce a ransa, to, ga abu ɗaya da zai iya ba ni.

"Ba na so," na ce. "Ka yi da gaske. In ka ci ni, ka ci ni."

"Kin tabbata?"

"Ɗauki sandarka."

Sau bakwai a jere ya kayar da ni. Ko kusa da shi ban iya zuwa ba. Ashe ya daɗe da gano wutar ƙirjin nan, har da wani salon da ban sani ba, na kama mutum a ɗaga a maka da ƙasa. A na bakwai na jefe shi da matashi. Miyata ta kama a tukunya ranar, muka fita cikin yayyafi muka sayo soyayyar doya da yaji wurin wata mata a bakin titi, muka ci a takarda ɗaya. A hanyar dawowa ya ce in riƙa koya masa kalma biyar ta Faransanci kullum. Na ce shi kuma ya koya mini ɗaga mutum a maka da ƙasa.

Bayan ƙaramar salla mahaifiyarsa ta zo daga gida ta yi mana wata guda. Tsohuwa ce doguwa mai carbi a hannu kullum, ba ta yarda da fanka ba balle talabijin. Muka mayar da akwatin kwali muka tura ƙarƙashin gado. Mako biyu muka daure. A Asabar ta uku ta tafi gidan suna can wajen kasuwar shanu, muka ce ba za ta dawo ba sai magariba. Muna tsakiyar wasa, ina durƙushe bisa gwiwa, ɗankwalina ya zame, ina ihu "Tashi in ƙara maka!", sai na ji an yi gyaran murya a bakin ƙofa.

Na so ƙasa ta tsage. Na ja ɗankwali na sunkuya. Maigidana ya kai hannu zai kashe.

"Bari," in ji Inna. Ta shigo ta zauna a bakin gado ta ƙura wa talabijin ido. "Waɗannan kuma su wane ne? Suna da rai?"

"A'a, Inna, ƙarfe ne. Hoto ne kawai."

"Wane gari ne wannan?"

Ya ce gari ne na nan gaba, wanda ba a gina ba tukuna.

Ta jima tana duban benayen. "Duk tsawon nan," ta ce, "ban ga hasumiyar masallaci ko ɗaya ba. Allah ya kyauta." Sai ta juyo wurina. "Ɗiyata, wanne ne naki?"

Na nuna jan da yatsa, ban ɗago ba.

"To ci gaba mana. Ina kallo."

Na ɗauki sandar. Ba a yi nisa ba na ji tsohuwa ta matso. "Kauce! Kauce, zai jefo wutar nan!" Da na samu na ɗaga shuɗin na maka da ƙasa, ta tafa hannu carbinta na kaɗawa. "Madalla! Ƙara masa! Tun yana yaro ba ya jin magana." Har ta koma gida ba ta taɓa sandar ba, ta ce hannunta na alwala ne, amma duk Asabar ita ke fara tambaya ko ba za a fito da mutanen ba. Kuma ba ta taɓa goyon bayan ɗanta ba ko sau ɗaya.

Wata bakwai akwatin ya yi a ɗakinmu. Ina da ƙaramin ciki lokacin da maigidana ya dawo wata Alhamis ya ce jirgin ya iso, mai kaya ya biyo ta shago. Maigidana ya roƙe shi ya sayar mana, mutumin ya ba da haƙuri, ya ce duk wasiƙar da 'ya'yansa suka aika masa sai sun tambayi abin. Ba yadda za a yi, gaskiyarsa ce. Suka yi da shi zai zo ya karɓa ran Lahadi da la'asar.

Ranar tun hantsi muke wasa. Mun kai matsayin da ba wanda ke iya cin wani da sauƙi, in ya ci ɗaya in ci ɗaya. Muka ce na ƙarshe shi ne na ƙarshe, wanda ya ci ya ci har abada. Layina saura kamar zare, nasa ma haka. Na yi tsalle na kai shuri daidai lokacin da ya sako wutar ƙirji, sai ga sallama a ƙofar gida da muryar baƙo. Dukanmu muka waiwaya. Da muka juyo, wasan ya riga ya koma farko, birnin ne kawai da motocinsa da kiɗan nan.

"Na ci," na ce.

"Ina! Wutata ta riga ƙafarki."

Mutumin ya shigo, kakkaura mai fara'a, da yaransa biyu mata sanye da kayan coci. Na ba su ruwa da biskit. Maigidana ya naɗe wayoyin ɗaya bayan ɗaya, ya goge sandunan da gefen rigarsa, ya nuna wa mutumin na'urar rage wuta da ya haɗa masa don kada abin ya sake ƙonewa. Ƙaramar yarinyar ta rungume kwalin da ƙyar hannunta ke zagaye shi. Na raka su har bakin titi. Da na dawo na tarar maigidana ya mayar da ƙyallen kan talabijin yana zaune yana kallon sa.

Ya nemi irin akwatin nan. Duk wanda zai je Legas ko Akara sai ya yi masa kwatance, aka kawo mana wasu daga baya, na tseren mota, na ƙwallo, har na faɗa ma, masu kyan hoto fiye da wancan. Yaranmu suka taso da su. Mukan taɓa kaɗan mu ajiye. Sunan wancan wasan ma ba mu riƙe ba, rubutu ne mai ƙyalli da yake wucewa da sauri, mu kuwa kullum muna gaggawar a fara.

Shekarun da suka biyo baya ba su zo da sauƙi ba. Gari ya rikice, aka yi ta yajin aiki, ofishinmu ya rufe, muka kwashe yara muka yi zaman watanni wurin danginsa kafin mu dawo. Muka haifi biyar, muka binne ɗaya. Cikin duk wannan, musun nan bai mutu ba. Yakan taso a inda ba a zata ba. Muna cikin mota a kan iyaka, an tsare mu tun safe, yara na kuka, sai ya sunkuyo ya ce a kunnena, "Kin san dai wutata ta riga." Ranar auren babbar 'yarmu, ina tsakiyar mata, ya aiko jikan maƙwabta da 'yar takarda, da rubutunsa na boko da ni na koya masa, kalma biyu kawai: Ni ne. Yaranmu sun san zancen har sun gaji da shi. Sukan ce, "Baba, Mama, don Allah ku raba, kowa ya ɗauki rabi." Ba wanda ya yarda.

Ciwon da ya tafi da shi bai daɗe ba, wata uku ne. Ana saura kwana biyu ya rasu, da hantsi, ina ba shi kunu da cokali, ya kau da kai ya ce ya ƙoshi. Ya dube ni ya ce, da muryar da sai na kusanto nake ji, "Hajiya, zancen nan. Na bar miki. Ke kika ci."

Na ce, "Ban karɓa ba. Ka warke mu yi musu."

Ya yi murmushi ya rufe ido.

Yanzu shekara shida ke nan. Ina zaune wurin ɗana na biyu, a Zongo dai, gida mai bene ɗaya. Jikokina suna wasanninsu a waya, kowa shi kaɗai, kunne a toshe. Wani lokaci nakan ba su labarin, su saurara da ladabi, su ce lallai Kaka ke kika ci, tunda ƙafa ta fi wuta sauri. Nan take suke yarda. Ni kuwa in na zauna ni kaɗai bayan la'asar, nakan sake duba abin a raina, inda ƙafata take da inda wutarsa ta kai, kuma wasu ranakun ina ganin kamar shi ne da gaskiya.